Yanda na zaɓi baturan dif saikul na kuma sama musu mazauni a motar tafi-da-gidanka

Motar tawa doguwar bas ce irin ta ɗaukar kaya da aka mayar da cikinta ɗaki, akwai gado a baya, ƙaramin firij mai aiki da bolt 12, fanka a rufi, ɗan famfon ruwa, fitilun LED, sai wajen cajin waya da laftof. Duk waɗannan wuta suke so alhali injin a kashe yake, wani lokacin ma a kwana a wuni ba a tada shi ba, shi yasa tun farko na cire batirin tada mota daga lissafi, shi aikinshi daban ne kuma ban so in farka a wani wajen da babu kowa in murɗa makulli inji shiru. Batirin tada mota faranten dalmar dake cikinshi sirara ne kuma suna da yawa, an yi su ne dan su ba da wuta mai ƙarfi na ƴan daƙiƙu sannan altanato ya mayar musu nan take, in kana zuƙe shi har ƙasa kullum faranten ne zasu fara zubewa. Shi kuma dif saikul farantenshi masu kauri ne, a hankali yake bayarwa amma yana jure a sauke shi a sake cikawa sau ɗaruruwa. Dokin sukuwa da raƙumi kenan, kowa da inda yake da amfani.

Kafin in kalli ko wane batir sai da na zauna da biro da takarda na lissafa abin da nake ci a rana. Firij in kwamfuresa tana aiki yana jan amfiya 4 zuwa 5, amma ba kullum take aiki ba tana tashi tana tsayawa, a zafi na ƙiyasta mishi Ah 45 a awa 24, Ah ɗin shine amfiya sau awa, ma'aunin yawan wutar da aka ci ko wadda batir ke riƙewa. Fanka amfiya 2, in ta yi awa 10 ya zama 20. Fitilu duka 5, famfo da ƙyar ya ci 3 tunda mintoci kawai yake yi, wayoyi da laftof na sa 12. Jimla wajen Ah 85 a rana, ina so kuma in iya kwana biyu ko da babu rana babu tuƙi, kaga 170 kenan.

To anan ne lambar dake jikin batir take yaudarar mutane. Batirin dalma in an rubuta 100Ah ba 100 ɗin zaka ci ba, ƙa'idar da kowa ya sani shine kar ka wuce rabi in kana so ya daɗe, wato 50. Sannan ita kanta 100 ɗin an auna ta ne akan awa 20, ma'ana amfiya 5 a hankali har awa 20, in ka ɗora mishi inbata tana jan amfiya 80 ko 90 a lokaci guda ba zai ba ka ko kusa da abin da aka rubuta ba. Saboda haka 170 ɗina in da dalma zan yi sai na nemi 340Ah. Litiyom irin LiFePO4 kuwa ana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin 100 ba damuwa, kuma jan wuta da ƙarfi bai cika rage mishi yawa ba, 200Ah ya kusa isata musamman da akwai sola a rufi.

Na duba iri huɗu, ukun farko duk na dalma ne. Akwai mai ruwa wanda ake buɗe murfinshi ana ƙara tataccen ruwa, a cikinsu wanda masu irin wannan motar suka fi yabo shine na bolt 6 ɗin nan da ake sawa a ƙananan motocin filin golf, girman da ake kira GC2, misali Trojan T-105 mai 225Ah wanda nauyinshi ya kai kilo 28. Biyu ake haɗawa a siris, fosatif ɗin wannan zuwa nagatif ɗin wancan, su ba da bolt 12 amma Ah ɗin na nan a 225 bai ƙaru ba, dan haka ni huɗu zan buƙata, biyu biyu a siris sannan a haɗa su faralel, wato fosatif da fosatif nagatif da nagatif, ya zama 450Ah, nauyi sama da kilo 110. Akwai AGM da jel, su rufaffu ne ba a ƙara musu ruwa, 100Ah ɗaya wajen kilo 30, nan ma huɗu zan ɗauka in ina so lissafi ya fita. Jel na ajiye shi gefe da wuri saboda baya son a wuce mishi wajen bolt 14.1 a caji, in caja ta wuce gona da iri lalacewar da zai yi bata gyaruwa. Sai litiyom, 100Ah ɗaya kilo 12 zuwa 14, biyu kenan basu kai nauyin AGM ɗaya ba. Akwai kuma waɗanda ake rubutawa wai na jirgin ruwa ne masu aiki biyu, suna tada inji suna kuma yin dif saikul, ni dai duk wanda naga an buga CCA, wato ma'aunin ƙarfin tada inji, da manyan baƙi a jikinshi amma sai na yi ta laluben inda aka rubuta Ah, wucewa nake, tsaka-tsaki ne bai cika wannan ba bai cika wancan ba.

Amma gaskiya ba wannan lissafin bane ya yanke hukunci, wajen ajiyewa ne ya yanke. Wani dattijon rewaya da muka saba dashi na kai mishi takardar lissafina ina ta bayani, ya saurara har na gama sannan yace “to ɗana, a ina zaka sa su?” Nace Baba ai waje ba zai gagara ba mota ce babba. Yace je ka auno tukunna ka dawo mu yi magana, wajen ne zai faɗa maka batirin da zaka saya.

Abin da na yi shine na samu kwalaye na yanka na manne da salatif daidai girman kowane batir kamar yanda masu ƙerawa suka rubuta tsawo da faɗi da tsayi, har da ɗan murfin gora na liƙa a sama a madadin kan batir, dan shi ne ake mantawa, tsayin da aka rubuta wani lokacin bai haɗa da noti da kan waya da zasu hau sama ba. Na ɗauki kwalayen nan ina zagaya mota ina cusawa ko ina. Wajen inji na fara dubawa duk da na san ba zai yiwu ba, babu fili kuma ga zafi, batirin dalma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 akan digiri 25 yana iya cinye rabin rayuwarshi, litiyom kuma yawanci ba a so a caja shi sama da digiri 45, dan haka nan an rufe magana. Akwai wani loko a gefe inda tukunyar gas take, fili kam akwai kamar an yi dan batir, amma batir da gas basa zama ɗaki ɗaya, tartsatsi ɗaya daga kan batir ya isa, ko kallo na biyu ban mishi ba.

Saura biyu, ƙarƙashin mota a yi akwatin ƙarfe a rataya jikin shasi, ko kuma cikin ɗaki ƙarƙashin bencin zama wanda yake gaban tayoyin baya kaɗan.

Na kwanta a ƙasa da kwalin GC2 a hannu na tura shi tsakanin ƙarafan shasi, ya shiga, amma tsakanin murfin gorar nan da ƙasan mota bai fi yatsu biyu ba. Batir mai ruwa dole ka iya buɗe murfinshi ka leƙa kowane rami da tocila kaga ko ruwa ya rufe farantai, a GC2 ramuka uku ne kowane, huɗu kenan ramuka 12, kuma abu ne da za a riƙa yi akai akai musamman lokacin zafi. In sai na sauke akwati mai kilo ɗari da wani abu da jak kafin in ga ruwa, na san halina, ba zan riƙa yi ba, ranar da farantai suka fito fili suka sha iska kuma shikenan wannan ɓangaren ya tafi. Ana iya yin tire mai zamewa kamar durowa amma tsayin bai bada dama ba, zai sauko ƙasa sosai har ya riƙa gogar hanya in an shiga gargada.

A cikin ɗaki kuma mai ruwa yana da tashi matsalar. In yana caji musamman dab da cika yana fitar da iskar haidirojin, ita kuma in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar waje tana kamawa da wuta, bata da wari bata da launi, ga tururin asid da ke cin ƙarfe da waya. In dole sai an sa shi a ciki to sai akwati rufaffe ruf ta ɓangaren ɗaki, da bututu daga can saman akwatin zuwa waje tunda haidirojin sama take tashi, da wata ƙofar shigar iska daga ƙasa, kuma kar a sa fiyus ko makunni ko inbata a cikin akwatin. Ana yi, mutane da yawa sun yi kuma lafiya lau, amma ni inda kaina yake in na kwanta bai fi taku ɗaya daga bencin nan ba, raina bai kwanta ba. AGM ya fi sauƙi anan, baya zubar da ruwa ana ma iya kwantar da shi ta gefe banda kife shi, duk da shima yana da bawul da zai saki iska in caja ta yi mishi yawa dan haka ba a toshe shi a inda iska bata fita. Matsalar AGM ɗin itace kwali uku ne kawai suka shiga ƙarƙashin bencin, na huɗu ya ƙi ko ta yaya na juya shi, kuma kilo 120 a gefe ɗaya na mota ba ƙaramin abu bane, ga tankin ruwa shima a wannan gefen yake. Kowace mota akwai iyakar nauyin da aka yarda ta ɗauka an buga a ɗan ƙarfe ko takarda jikin ƙofa, gado da katako da ruwa sun riga sun ci kaso mai yawa.

Kwalin litiyom biyu kuwa suka zauna daram har da ragowar waje na fiyus da caja. Na koma na faɗa ma Baba, yace to ka gani, ya rage naka. Litiyom ya fi tsada a sayen farko wannan ba a musu, amma masu ƙerawa suna rubuta zagayen caji 3000 zuwa sama, dalma kuwa in ya yi ƴan ɗaruruwa zuwa dubu da wani abu an gode Allah. Abu ɗaya da litiyom baya yafewa shine a caja shi a ƙasa da digiri 0, yana lalata shi ta ciki, wannan ma wani dalili ne na sa shi cikin ɗaki maimakon ƙarƙashin mota, na kuma tabbatar wanda na ɗauka BMS ɗinshi, wato ɗan allon dake ciki mai tsare shi, yana yanke caji da kanshi in sanyi ya kai haka, dan ba duka ke da wannan ba sai ka karanta takardar da kyau. In da tirela nake da ita irin wadda ake ja, mai akwatin batir a waje kan ƙarfen gaba inda iska ke kaɗawa kuma hannu na kaiwa, wallahi da GC2 biyu zan sa in huta, har yau ina ganin ƙimarsu, sai dai a lura da nauyin da ke sauka kan ƙugiyar ja wanda aka fi so ya tsaya wajen kashi 10 zuwa 15 na nauyin tirelar.

Litiyom guda biyun na ɗauke su iri ɗaya, kamfani ɗaya, lokaci ɗaya. Ba a haɗa tsoho da sabo ko AGM da mai ruwa a layi guda, mai raunin ne zai riƙa jan mai ƙarfin ƙasa. Kafin in haɗa su na caja kowane shi kaɗai har ya cika, na barsu suka huta na auna da mita naga bolt ɗinsu ya zo ɗaya, dan in ka haɗa cikakke da wanda yake rabi wutar da zata ruga daga wannan zuwa wancan ba kaɗan bace.

Ɗaurewa na ba ta lokaci sosai. Na shimfiɗa katako mai kauri, noti ya ratsa shi ya ratsa ƙarfen ƙasan mota da faffaɗan washa ta ƙasa, ba sukurun katako ba, na kafa ƴan sanduna kewaye da gindin kowane batir yanda ba zai zame gaba ko gefe ba sannan bel mai ƙarfi ya bi ta sama. Ka tuna in aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo abu mai kilo 13 ya zama wani abu daban, kuma kan batir a buɗe in ya taɓa ƙarfen benci gobara ce.

Wajen wayoyi inbata ce ta tsara komai. Tawa wat 1000 ce, a bolt 12 in tana cikakken aiki tana jan kusan amfiya 100 in an haɗa da asarar da take yi, shi yasa na kafa ta kusa da baturan yanda wayar bata kai mita ɗaya da rabi ba, na sa mai kaurin 35mm² ta jan ƙarfe zalla, dan akwai wata mai araha da alminiyom ne aka shafa ma jan ƙarfe, in ka kankare bakinta da wuƙa zaka ga fari. Tsawaita wayar wutar gida da ke fita daga inbata ba matsala, tsawaita ta bolt 12 ɗin ne ke cin wuta yana zafi. Babban fiyus na amfiya 150 na sa shi dab da kan fosatif, masu haɗa wutar jiragen ruwa a Amurka ƙa'idar ƙungiyarsu ta ABYC itace kar tazarar batir da fiyus ta wuce inci 7 wajen santimita 18, masu motoci ma ita suke ara. Fiyus ɗin nan waya yake karewa ba firij ko inbata ba, duk guntun wayar da ke tsakanin batir da fiyus bashi da mai tsaronshi, shi yasa ake gajarta shi. Na zaɓi irin Class T saboda litiyom in aka samu shot wutar da yake turowa tana da yawan da ƙaramin fiyus zai iya narkewa amma wutar ta ci gaba da tsallakawa.

Haɗin faralel ɗin kuma akwai dabara, fosatif da fosatif, nagatif da nagatif da wayoyi masu tsawo ɗaya kauri ɗaya, amma babbar wayar fosatif da zata tafi ɗaki daga batir na farko na ɗauke ta, ta nagatif kuma daga na biyu. In ka ɗauki duka biyun daga batir ɗaya shi zai riƙa shan wahala ɗan uwanshi na hutawa, ya riga shi tsufa.

Kan wayar Baba ne ya matse min da babban abin matsewa mai dogayen hannaye, ina kallo. Ya fere robar daidai zurfin kan, ya tura har silin jan ƙarfen suka leƙo ta ɗan ramin gaba babu ko ɗaya da ya lanƙwashe waje, ya matse, sannan ya taka kan da ƙafa ya ja wayar da hannu biyu da dukkan ƙarfinshi. Yace wanda ya fita a hannunka ya fi wanda zai fita a hanya. Bayan nan ya zura robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, ja a fosatif baƙa a nagatif. Wajen ɗaurawa kuma ya nuna min kan wayar ne zai kwanta kai tsaye akan kan batir, washa daga sama take zuwa, in ka sa washa a tsakani wuta zata bi ta cikin ƙarfen da bai iya ɗaukarta ba wajen ya riƙa zafi. Sifanar da muka yi aiki da ita an naɗe jikinta da salatif, agogo da zobe duk na cire, nagatif shi muka haɗa a ƙarshe kamar yanda shi ake fara cirewa.

Caji ta hanya uku yake shigowa. Daga altanato ban haɗa kai tsaye da rile irin na da ba, wato makunnin nan mai jona baturan da altanato in inji ya tashi, litiyom in ya sauka yana zuƙar duk abin da aka bashi har altanato ya yi zafi musamman in mota na tsaye inji na juyawa a hankali, ga sababbin motoci da altanatonsu ke sauke bolt da kanshi dan rage shan mai. Na sa caja ta DC zuwa DC mai amfiya 30, ita ke karɓar wuta daga altanato ta daidaita ta kafin ta kai ga baturan, tuƙin awa 3 ya mayar min da kusan abin da na ci a rana, wayarta tunda daga gaban mota ta taso na sa fiyus a duka bakin biyu saboda ko wane gefe akwai batir. Sola wat 200 a rufi da kwantirola MPPT mai daidaita wutar sola zuwa batir, rana mai kyau tana kawo wajen Ah 50, bata rufe cin rana duka amma tana ja min kwanakin. Sai cajar da ake jonawa da wutar gida in an samu. Duka ukun na shiga saitinsu na sa su a litiyom, caji ya tsaya 14.2 zuwa 14.4, na kuma kashe wani tsarin da ake kira ikwalaizin wanda ke tura bolt sama da 15 dan baturan ruwa, a litiyom ko AGM ɓarna yake.

Na ƙarshe da na sa shine shant akan layin nagatif, ɗan ƙarfe ne da duk wutar da ta shiga ko ta fita sai ta bi ta cikinshi yana ƙirgawa. A dalma zaka iya kintata da mita, in ya huta 12.7 cike yake, wajen 12.2 ya kai rabi, amma litiyom yana maƙale a 13.2 zuwa 13.3 kusan duk tafiyar sai dab da ƙarewa ya faɗi lokaci ɗaya, mita bata gaya maka komai. Sharaɗin shant shine babu wayar da zata taɓa nagatif ɗin batir sai shi kaɗai, har wayar da ke zuwa shasi ta ɗaya gefen take, in wani abu ya zagaye shi lissafin ya ɓaci.

Da muka kunna na bar firij da fanka suka kwana suna aiki, da safe shant ya nuna abin da ya fita bai kai ƙiyasina ba, firij ɗin in dare ya yi sanyi baya tashi sosai. Na kunna inbata da abu mai jan wuta na ɗan lokaci ina bin kowane mahaɗi da bayan yatsa ina jin ko akwai mai ɗumi fiye da sauran, babu. Bayan an ɗan yi tafiya akan hanya mai gargada na sake buɗe bencin na bi notocin da sifana, biyu sun ɗan saki na ƙara matse su, bel ɗin ma na ƙara ja. In zan ajiye motar ta daɗe kuma ina sauke su zuwa wajen rabi ko sama kaɗan in kashe babban makunni, saɓanin dalma da shi a cike ake ajiye shi ana kuma waiwayarshi da caja, in ya zauna a sauke farantenshi suna yin wani farin ɓawo da baya komawa.